Ma'aikaci Mai Lamba Bakwai

"A kori mai lamba bakwai!" Anti ta buga tebur har kwamfutar ta girgiza.

An raba ma'aikatan kantinsu rukuni-rukuni a ɗakin horo, kowane rukuni na tafiyar da kantin wasa a kwamfuta: su sa farashi, su ɗauki ma'aikata, su sallama. Rukunin Anti ne na ƙarshe a riba. Shekararta sha shida a kan injin kuɗi, yaran jiya ne za su wuce ta?

"Anti, mu rage farashin sabulu mana," in ji mai jera kaya.

"Sabulun gidanku! Dubi layin mai lamba bakwai, ya fi na kowa tsawo. Mutum ɗaya sai ya ci minti biyar a gabansa. Hira aka ɗauke shi yi?"

Ta danna maɓallin sallama da hannunta. Riba ta tashi, suka zo na ɗaya.

Mai horarwa ya tafa. "Alƙaluman nan na kantinku ne na gaske, sunaye kawai muka cire. Manaja zai yi aiki da shawarar waɗanda suka ci."

Kowa ya juyo yana kallonta. Duk kantin, layi ɗaya mutane ke cikawa don a gaisa, a tambayi lafiyar yara, kuma nata ne.