Takardun Dakar

Kai, ku yaran nan ba ku da ta ido! Tukwane na can ba a wanke ba, kun tsare ni da tambayar abin da ya hana kawunku Isufu zuwa jami'a. Ina ruwanku? To ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya katse ni ya sha muciya.

Shekara uku da samun ƴancin kai Isufu ya dawo Gaya daga Yamai, ya ci jarrabawar da suke kira bak. Gwamnati ta ce za ta ɗauki nauyinsa ya karanci kasuwanci a waje, aka ba shi zaɓi uku: Faransa, Abijan ko Dakar.

Bai zaɓa da ka ba. Ya tafi Tanda a ƙafa wurin wani tsohon soja, tsohon ya nuna masa yatsun da sanyin Faransa ya lalata, ya ce can ba ka sanin naman da ke cikin tukunya. Ya tambayi direbobin da ke zuwa Abijan, suka ce makarantar sabuwa ce, ba wanda ya ga ɗalibanta tukuna. Dakar kuwa akwai masallaci, akwai shinkafa da kifi, ga tashar jiragen ruwa inda gyaɗa ke fita duniya. Abin da yake so ya gane ke nan: wa ke yanka wa gyaɗarmu farashi bayan ta bar hannunmu. Ya cike takardun Dakar, ya maƙala hotonsa, saura yardar uba.

Amma Isufu ɗan fari ne. Ubansa Alhaji Halidu bai taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba. Magana tsakaninsu sai da ɗan aike, ɗan aiken kuwa tun yana goye shi ne Baffa Mumuni, ƙanen Alhaji, magatakarda a ofishin kumandan mai mulkin gari. Shi ya kai shi lakwal, makarantar boko, tare da nasa ɗan, Alassan, suka yi aji ɗaya har Yamai, sai dai Alassan bai ci jarrabawar ba.

Baffa ya shiga zauren Alhaji, ya daɗe, ya fito kai a sunkuye.

"Ɗana, na yi iyakar yina. Ya ce ba ka ƙetare ruwa ba yana raye. Kawo takardun in mayar musu, kada su ce mun raina gwamnati."

Isufu ya miƙa da hannu biyu. Bai yi kuka ba, amma tun ranar tuwon gidan ya daina yi masa daɗi.

Daminar nan Alassan ya tafi Kumasi fataucin goro. Har Malanbil, ƙetaren kogi, aka kai shi wurin mai hoto, wai uwarsa ta riƙa kallo in kewa ta dame ta. Isufu ne ya ɗaukar masa akwati zuwa tasha.

Isufu kuwa, mai ilimin da ya fi na kumandan, ya ƙare a rumfar bakin gadar kan iyaka. Direba ya tattaro katin shaidar fasinjoji, shi ya kwafe sunaye a littafi, ya mayar. Ƙuda, warin busasshen kifi, ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito suna aikensa siyo taba. Tir!

Abin da ya fi ci masa rai shi ne uban. Mutumin da ya hana ka, shi ne kuma in ka gitta ya kau da kai ya tofar da yawu? Isufu ya riƙa zagayawa ta bayan gida don kada su haɗu. Kowa na ƙyamar kowa, kowa ya yi gum.

A shekara ta uku ya ji Alhaji ta bayan zana yana ce wa abokinsa, "An ba yaron nan Dakar a hannu, ya aiko mini wai tsoron jirgin ruwa yake. Na haifi abin kunya."

Isufu ya ja da baya. Ba dama ya ɗaga zana ya ce wa uba ƙarya ne, sai ya nufi wurin Baffa.

"Haba ɗana! Ka taɓa ganin babba ya ce shi ya yi kuskure gaban abokansa? Rufa wa kansa asiri yake. Bar shi."

Ya bar shi. Baffa ya ci gaba da zuwa gidan waya da ƙafarsa duk ranar da jakar wasiƙu ta iso, ba ya aiken kowa. Daga Kumasi kuwa ko goro ɗaya ba a taɓa gani ba.

Shekara huɗu cif, wata Laraba da hantsi, motar Paraku ta tsaya a gada, ta kwaso waɗanda suka sauka jirgin ruwa a Kutonu. Direba ya zube katuna goma sha ɗaya gaban Isufu. Ya kwafe na fari, ya kwafe na biyu. A na bakwai alƙalami ya tsaya.

Isufu Halidu. Haifaffen Gaya. Ɗalibin kasuwanci, Dakar.

Ya tashi da katin a hannu, ya je jikin motar, ya kira sunan da ƙarfi yadda ake kiran fasinja. Can kujerar baya wani mai kwat da baƙin tabarau ya amsa "Na'am" tun kafin ya ga mai kiran, amsawar wanda ya shekara huɗu da sabawa, kuma muryar Alassan ce.

Me kuke buɗe mini baki? Ku tashi ku kwanta!