Bidiyon Da Ya Ƙi Buɗewa

Mari na uku ne ya fasa wa maigadi baki. Maigidan ya shaƙe shi, ya maka shi da bangon falo.

"'Yata na asibiti da karyayyar ƙafa, kana ce min ba ka ga motar da ta take ta ba? A ƙofar gidana?"

Tsohon ya tofar da jini.

Ƙanwar maigidan na gefe tana ta fama da kwamfuta. Duk sanda ta danna bidiyon kyamarar ƙofar gida, sai allon ya yi baƙi ƙirin.

"Yaya, manhajar da ke kunna bidiyo a burauza ce ta lalace. Wani ya taɓa ta. Bari in sake saukewa."

"Kai ne, munafuki!" Maigidan ya zabga wa maigadin naushi a ciki.

"Ni ne, yallaɓai," in ji tsohon yana nishi. "Don Allah kar ku gyara."

Sai ga hoto ya fito. Yarinyar ta sunkuya tana ɗaure takalminta. Wata farar mota ta yo baya da gudu, direban na waya, ko waiwaye bai yi ba.

Hannun maigidan ya saki wuyan tsohon. Motarsa ce, kuma shi ne a ciki.