Ƙwallon Baba Ta Ƙi Hawa Faifai

Sau uku mai gyara yana saka kaset ɗin, sau uku hoton yana yi masa gardama. Ya yi haske fau, ya koma duhu, saman allon ya karkace kamar an ja shi da hannu.

Babbar 'yar Baba na tsaye a kansa, jaka a hammata. Ranar Asabar Baba zai cika saba'in, ita kuwa ta riga ta cika baki a dangi cewa za ta mayar da kaset ɗin faifai, a haska ƙwallon nan a babban allo.

Duk gidan an haddace ƙwallon nan. Tun suna yara Baba ke jera su gaban tsohuwar na'urar bidiyo, hoto dishi-dishi, 'yan wasa kamar tururuwa. Mai lamba tara ya yanke mutum uku, ya ɗaɗa ta a raga. Nan take Baba zai kashe, ya gyara zama ya ce, "Ranar nan duk ƙasa sai da ta san sunana." Mama kuwa sai ta tashi duba tukunya, ko da ba ta ɗora komai ba.

Mai gyara ya goge kan na'ura da auduga, ya canza waya, ya murɗa maɓallin daidaita hoto. Faifai uku suka tafi a banza. Can ya cire tabarau.

"Baiwar Allah, ina kuka samo wannan?"

"Na gida ne, tare muka tashi da shi."

"Kaset ɗin gida ba ya haka. Wannan kariya ce da kamfani ke sawa don kada a kwafa. Na kasuwa ne, takardarsa kawai aka ɓare."

Ta dubi kaset ɗin. Wato shekara da shekaru ƙwallon wani Baba ya sayo yake musu burga da ita? Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya, sannan tausayin tsohon ya danne su duka. Me za ta faɗa wa dangi ranar Asabar?

"Kwafa dai ba zan yi ba, kayan mutane ne," in ji mai gyara. "Amma kallo ba laifi."

Ya zare waya daga na'urar faifai, ya haɗa bidiyonsa kai tsaye da talabijin. Hoton ya fito tar, irin wanda ba ta taɓa gani a gida ba.

Mai lamba tara ya yanke mutum uku, ya ɗaɗa ta a raga, ya juyo yana murna. Ta ƙura masa ido. Wani dogo ne mai wushirya, ko a hanya bai haɗa kama da Baba ba.

Ta miƙa hannu za ta kashe, amma kyamara ta riga ta. Kyamarar ta koma raga, ta matso kan mai tsaron gida, yana zaune dirshan a ƙasa, hannu biyu a ka, baki buɗe.

Baba ne, da sumarsa cike da kai.