Mai Awon Sabis a Tsohuwar Makarantarsa

Kai da za ka fara fita awon sabis, tsaya ka ji misalin wani injiniya da aka kira ya tsara waifai a kwalejin da ya yi karatu. Ranar da ya shiga ƙofar, da furfurarsa a gemu, sai da idonsa ya ciko da ƙwalla. Makarantar ta zama gambiza: ga sababbin benaye masu gilashi, ga tsofaffin azuzuwan dutse da kaurin bangonsu ya fi kamu, kowane gini da irin akwatin sabis ɗin da zamaninsa ya bar masa. Tsofaffin akwatunan akwai nawa, amma sukan ratsa bango. Na zamani kuwa akwai gudu, sai dai da sun ci karo da dutse sun durƙusa. Burinsa guda ne, kafin jarrabawar kwamfuta ta ƙarshen zango ya bar wa makarantar aikin da za a riƙa tuna shi da shi.

Ya kunna sababbin akwatuna na gwaji. A sababbin benaye ya yi awo tsakani da Allah, lungu da saƙo, don bai san su ba. Da ya iso tsohon ɓangare sai ƙafa ta ƙwace masa aikin. Ta kai shi gindin darbejiyar da suke shan kunu da ƙosai a da, ya duba na'urar awo, sabis cike. Ta kai shi barandar da suke bitar karatu da abokan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, ya daɗe a tsaye, sabis cike. A laburare bai wuce teburinsa na bakin taga ba, har ya shafa ya ji harafin sunansa da ya kankara da tsinin kamfas yana nan. Nan ma cike, to ina zai ƙi, ga taga a buɗe? Can ƙuryar zauren, bayan ginshiƙan dutse, bai taɓa zama yana ɗalibi ba saboda duhunta, yau ma bai leƙa ba. Ya ce a ransa ai nan gida ne, ko ido rufe ya san shi. Ya sa aka kwance tsofaffin akwatuna, aka kafa sababbi.

Ashe a ƙuryar nan ake jera kwamfutocin jarrabawa, don ita ke ɗaukar jama'a. Ɗalibai suka zauna, shafi ya yi ta juyi ya ƙi buɗewa har rana ta yi tsaka, dole aka ɗage. Shugaban makarantar bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Mu da muka saki jiki saboda kai ne." Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Aka miƙa aikin ga wani baƙo wanda ba shi da darbejiya ko tebur a wurin, ya bi ko'ina da na'urarsa ɗaki-ɗaki.

Injiniyan namu, bawan Allah, ya fita ta ƙofar da ya shigo, yana son wurin kamar da, amma ya kasa waiwaye. Gaskiyar masu iya magana da suka ce sabo turken wawa.