Sarawar Farko

"Sunanki ba ya ciki," in ji Sajan, yana ninke takardar waɗanda za a tura yaƙi.

Shekara uku ina tuƙa mota a rundunarsa ta ko-ta-kwana, duk wata muna haɗuwa kwana biyu a sansaninmu na jihar Iowa ta Amurka. Amma tunda na shiga horon zama hafsa a jami'a, doka ta hana a tura ni ko'ina sai na gama.

Na kai hannu zan ɓalle alamar ɗalibtar da ke ƙirjina. "To na fasa karatun. Kurtu ai yana tafiya."

Ya riƙe min hannu da hannunsa na dama. "Ke 'yar nan, direbobi ina da arba'in. Hafsan da ya taɓa kwanciya ƙarƙashin mota tare da mu ne ba ni da shi. Zauna ki gama. Ni zan fara sara miki."

Bayan wata ashirin aka maƙala min aninin hafsa. Ina tsaye, na damƙe dalar azurfar da sabon hafsa ke bai wa sojan da ya fara sara masa.

Sajan ya fito daga cikin taro ya ƙame a gabana. Hannun rigarsa na dama babu komai a ciki, an naɗe shi zuwa kafaɗa.

Sai direbobin nan suka jeru a bayansa, ba wanda ya ɓace, suka ɗaga hannu lokaci guda suka sara min.

"Hannu ɗaya na baro can, ranki ya daɗe," in ji Sajan. "Na dawo miki da arba'in."