Mai Ƙwanƙwasa Shafin Tela

Lambar masu shigowa ta sake hawa. Shafin ɗinkinta na intanet ya nuna baƙi sun cika maƙil, amma ko ɗankwali babu wanda ya yi oda.

Ita ta rubuta 'yar manhajar sabar da ke ɗauke da shafin da hannunta, maigidanta na gefe yana tsokanarta: "Telata ta zama injiniya!" Bai daɗe ba ya rasu. Ƙaninsa ya karɓe shagon gyaran kwamfutar marigayin har da kujera, ya ce mata, "Matar Yaya, ki koma kan kekenki."

Da farko ta ɗauka kuskurenta ne. Ta bi layi-layi, ta goge, ta sake rubutawa. Lambar ba ta daina hawa ba. Sai ta sa sabar ta riƙa nuna adireshin duk wanda ya shigo. Ashe adireshi ɗaya ne ke dawowa, bini-bini, ba hutu. Ta gane shi: intanet ɗin shagon ne.

"Ka cinye shago, yanzu kuma shafina kake so ka durƙusar?" ta faɗa a ranta, tana zargin ƙanin mijin.

Ba ta toshe shi nan take ba, so take sai ya ji a jikinsa. Ta ƙara 'yan layuka, duk sanda adireshin ya ƙwanƙwasa, amsa ɗaya zai samu: "Azzalumi, ba zan taɓa yafe maka ba." Sai da ta huce sannan ta toshe shi.

Washegari shafin ya fara barci. Kamfanin da ya ba shafin masauki kyauta yana kashe duk sabar da ba a leƙawa, kwastoma su jira su gaji su tafi. Ta zari mayafi, sai shago.

"Wane shafi kuma?" in ji ƙanin mijin. "Wallahi ko sunansa ban sani ba."

Tana cikin surfa masa bala'i ta ji ƙugin wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, duk ƙura.

"Ta Yaya ce. Ya ce kada a taɓa kashe ta."

Ta jona allo. Zagin da ta aika ne jere, daga sama har ƙasa, an karɓi kowanne. Ta ja zuwa can farko, inda maigidanta ya bar wa kwamfutar bayani:

"Ki riƙa ƙwanƙwasa mata ko ba na nan, kada shafin telata ya yi barci."