Minti Arba'in na Hira da Iyali

Tun da aka rushe ofisoshi kowa ya koma aiki daga gida, shugabarmu Hajiya Turai ta damu da rayuwarmu ƙwarai. Ta aiko mana agogon hannu mai ƙirga hira da iyali, minti arba'in kullum bayan la'asar. Wanda ya gaza sau uku, a sallame shi ya huta da kyau. Ni na gaza sau biyu.

Da kyar ni da matata Asabe muka gano agogon yana ƙirga gaisuwa.

"Ina wuni, Malam?"

"Lafiya lau. Ya gajiya?"

Muka bi lafiyar yara, da maƙwabta, har awakin ƙanenta na Gumel. Yau daga asibiti ta dawo, da takarda a ninke a hannunta.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Haka ake cewa, agogon ma ya karɓa. Sai ta fara buɗe takardar.

"Malam, likitan ya ce..."

Agogon ya yi kore, minti arba'in sun cika. Saƙon Hajiya ya shigo: "Madalla da kula da iyali!" Na miƙe, don na saba.

Asabe ta mayar da ninkin.

"Bari sai gobe," ta ce. "Zai ci mana minti goma."